Zancen Akawu: Babbar Manhajar Gobe, Da Me Za Ta Zo?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni ko wane mako, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu. 

Makon jiya na sami takarda daga wani saurayi, ɗan'uwanmu akawu, wanda ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuwa yarda. Ga abin da ya dame shi. Ya ce shekara biyu ke nan yana tsimi da tanadi, don ya sayi kwamfutar tebur ta kansa, ya buɗe ɗan shagon buga wa jama'a takardu. Yanzu da kuɗi suka kusa cika, sai ya ji ana ta raɗe-raɗi, wai wata sabuwar babbar manhaja tana nan tafe, wadda za ta ji magana kamar mutum, ta rubuta takarda da kanta, ta kuma tsofar da ko wane inji da ke kasuwa yau. Tambayarsa biyu ce. Ya saya ne, ko ya dakata? In kuwa inji zai yi rubutu da kansa, ina amfanin akawu?

To, ƙanena, ka yi tambaya mai nauyi, gama guminka ne na shekara biyu a ciki, kuma abincinmu ne mu duka masu zaman tebur. Zan faɗi abin da na sani ya riga ya faru, sa'an nan in faɗi abin da na ke tsammani. Zan kuwa raba su a fili, don kada wani ya ɗauki tsammanina ya mai da shi labari.

Da fari, domin waɗanda ba su saba ba, bari in bayyana abin da a ke nufi da babbar manhaja. Ka dubi ofis irin namu. Akwai masu buga takardu, da mai lissafin kuɗi, da masinja, da mai tsaron ƙofa. Amma akwai babban akawu, wanda shi ba ya buga takarda da hannunsa, sai dai shi ke riƙe da makullai, shi ke raba aiki, shi ya san kabad ɗin da ko wane fayil ya ke, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya jira. To, haka babbar manhaja ta ke a cikin kwamfuta. Manhajar rubutu da ta lissafi da ta shiga intanet duk ƙananan ma'aikata ne a ƙarƙashinta. Waɗanda suka fi shahara a kan tebur su ne Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, dukansu na Amurka, da kuma Linux, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, ta zama kayan kowa, ba a sayar da ita tilas.

Abin da zai ba mu akawuna sha'awa shi ne, fuskar kwamfutar da mu ke gani yau, teburinmu aka kwaikwaya. Ga takardu, ga jakunkunan fayil, ga kwandon shara a gefe. Wannan dabara kuwa ta tsufa. A watan Disamba 1968 wani masani, Douglas Engelbart, ya nuna wa taron jama'a linzamin kwamfuta a birnin San Francisco. A 1973 masu bincike na kamfanin Xerox suka ƙera injin da suka kira Alto, mai tagogi da linzami. Apple ya kai abin kasuwa da Macintosh a 1984, Microsoft ya biyo da Windows a 1985, sa'an nan a 1995 aka sa mata ɗan maɓallin nan na kusurwa inda a ke fara kome. Tun daga nan fa, in ka cire ado da launi, tsarin bai sāke ƙwarai ba. Wanda ya iya Windows 95, in ka zaunar da shi gaban ta yau, kafin azahar ya gane hanya. Wannan shi ne abu na farko da na ke so ƙanena ya riƙe: ko wace shekara a kan yi shelar juyin zamani, amma babban juyi na gaskiya bai cika zuwa ba.

Har an taɓa gwada juyin da ƙarfi. A 2012 aka fito da Windows 8, aka cire maɓallin kusurwa, aka cika fuska da manyan fale-fale irin na taɓawa da yatsa, don a lokacin ana zaton kowa zai bar linzami. Jama'a suka ƙi. A 2013 aka mai da maɓallin, a 2015 kuma Windows 10 ta komo da jerin da aka saba. Waɗansu za su ce sabo turken wawa. Ni kuwa na ce mai aikin awa takwas a gaban inji ya fi mai zane sanin abin da ke gajiyar da hannu, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Sai batun raɗe-raɗin da ya tayar wa ƙanena hankali. Tun wajen 2022 marubutan labarin injuna suka raɗa wa wata manhaja suna Windows 12, tun iyayenta ba su ce an yi ciki ba, balle a tara jama'a ranar suna. Aka ce a 2024 za a sake ta. Da 2024 ta zo, abin da aka fitar gyara ne na Windows 11, mai lamba 24H2. Saboda haka kada mu tsaya a kan suna ko rana. Abin da ya fi amfani shi ne mu dubi inda maƙeran suka sa gaba, gama wannan ba a ɓoye ya ke ba. A ganina abu huɗu ne.

Na farko shi ne injin da za ka yi wa magana ya aikata. Ba sabon mafarki ba ne. A 1987 Apple ya yi wani ɗan majigi mai suna Knowledge Navigator, inda aka nuna wani malamin jami'a yana hira da wani bara da ke cikin allo, baran yana karɓa masa waya, yana nemo masa takardu. Majigi ne kawai, ba a ƙera abin ba. A Office 97 aka sa wani ɗan mataimaki mai siffar ƙarfen maƙale takarda, wanda ya kan leƙo ya tambaye ka ko takarda ka ke rubutawa. Ya gundure mutane, har aka kawar da shi ɗungum a Office 2007. A 2015 aka sa Cortana mai jin murya a cikin Windows 10, a 2023 aka sallame ta, aka kawo Copilot a madadinta. A 2024 Apple ma ya shigo da nasa, Apple Intelligence. A 2025 kuma wani babba a Microsoft, David Weston, ya fito a wani ɗan majigi yana hasashen cewa wajen 2030 magana da inji za ta zama ruwan dare, har yaran lokacin su riƙa ganin linzami da allon bugu kamar kayan kakanni.

Ban ce wannan karon ma tatsuniya ce ba. Ƙirƙirarriyar basira ta yau ta wuce ta dā nesa ba kusa ba. Tana iya taƙaita doguwar takarda, ta juya ta zuwa wani harshe, ta tsara wasiƙa mai kyan gani. Abin da maƙeran ke nufi nan gaba shi ne ta tashi daga ba da shawara, ta koma wakili mai hannu: ka ce mata ta nemo takardun kuɗin watan jiya, ta haɗa jimla, ta aika wa ma'aji, ita kuwa ta buɗe fayil, ta danna, ta aika, kai kana shan shayi. Ina tsammanin wannan zai zo, har ma ya fara leƙowa. Amma ina da tambaya uku a kansa.

Ta ɗaya, a wane ɗaki za a yi maganar? Mu shida ne a ofishinmu, tebur na jikin tebur. In kowa ya buɗe baki yana ba injinsa umurni, ai an koma kasuwar Kurmi. Kuma akwai takardar da ba a karanta ta da ƙarfi, kamar ta albashin wani ko ta horon ma'aikaci. Ta biyu, da wane harshe? Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali waɗanda ba mu rubuta su. Garin da a ke zama da garin da a ke tuƙawa duk rubutunsu ɗaya, haka farin launi da farin rashin ruwa. Injin da aka horar da tarin Turanci da 'yar Hausa kaɗan zai yi ta tuntuɓe a nan, ga kuma Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci, kowa da bakinsa. Google ya sa Hausa cikin injin fassararsa a 2013, kuma an ci gaba tun daga nan, amma duk wanda ya gwada ya san har yanzu sai an bi bayansa da alƙalami.

Ta uku ita ce mai girma. In wakilin ya yi kuskure, wa za a kira? Masana tsaron injuna sun nuna cewa irin wannan basira tana da wani rauni: ba ta cika bambanta umurnin maigidanta da maganar da ta tsinta a cikin takardar da ta ke karantawa ba. Watau ɓarawo yana iya aiko maka da wasiƙa, ya ɓoye wani layi a ciki mai cewa a tura masa fayil kaza, wakilinka ya karanta, ya ɗauka aiki ne aka ba shi. Ka ga masinjan da duk wanda ya tare shi a hanya ya raɗa masa magana sai ya bi, ai ba a ba shi makullin ma'aji. Saboda haka na ke ganin babban abin da za a ƙera a manhajar gobe ba bakin wakilin ba ne, shingensa ne: a ba shi ɗakinsa dabam, a iyakance fayilolin da zai taɓa, a rubuta duk abin da ya yi a littafi, kuma kada ya aika da kome ko ya share kome sai mutum ya sa hannu.

Abu na biyu da a ke hasashe shi ne injin da ba ya mantuwa. Ko wane akawu ya san wahalar neman takardar da ya manta sunan da ya ba ta. Burin maƙera shi ne ka ce, ina takardar nan da na rubuta wa ɗan kwangila da damina a kan rufin sito, sai ta fito. Wannan ma tsohon buri ne. A farkon shekarun 2000 Microsoft ya yi shelar wani tsarin ajiya mai suna WinFS, wanda zai san ma'anar abin da ke cikin fayil. A 2004 aka cire shi daga manhajar da a ke ginawa, wadda ta fito da sunan Vista, a 2006 kuma aka jingine shi. Alkawari kaya ne, wannan kuwa ya fi ƙarfin mai ɗauka a lokacin.

A watan Mayu 2024 aka komo da burin ta wata hanya, da abin da aka kira Recall. Yadda ya ke aiki shi ne, injin ya riƙa ɗaukar hoton fuskarsa a kai a kai, ya karanta abin da ke ciki, ya adana, don ka iya komawa baya ka ga abin da ka duba makon jiya. Masana tsaro suka yi ca, gama sun ga cewa a yadda aka fara shirya shi, duk wanda ya sami shiga injinka ya sami tarihin aikinka duka a wuri guda. Kamfanin ya ɗage fitar da shi a watan Yuni na shekarar, ya sāke shiri: ba zai yi aiki ba sai mai inji ya kunna da kansa, an kulle ajiyar, ba ta buɗuwa sai da fuska ko yatsa ko lambar mai ita. Sai a watan Afrilu 2025 aka sake shi ga jama'a.

Jama'a, a nan ne aikinmu ya shigo sosai. Abin da aka fara koya mini ran da na kama aiki, tun kafin a nuna mini kujerata, shi ne abin da ka gani a fayil, a fayil ya ke kwana. Akawu ya kan ga takardar likita, da ta bashi, da ta rabon gado. Mantuwa ma wani sashe ne na amana. Injin da ya ke tuna kome, dole a tambaya, yana tuna wa wa? In mai shago ya buga wa wata baiwar Allah takardar ƙara zuwa kotu, sa'an nan yaron shago ya zauna da dare ya koma baya ya karanta, wa ya ci amana? Ina tsammanin neman fayil da ma'ana zai tabbata, zai kuwa yi amfani ƙwarai. Amma shawarata ga mai buga takardun jama'a ita ce, in an ba shi zaɓi, ya bar mai ɗaukar hoton nan a kashe.

Abu na uku ba ya da daɗin shela, amma shi na fi ƙauna, watau manhajar da ba ta rushewa, in kuwa ta rushe ta tashi da kanta. Ran 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron injuna mai suna CrowdStrike ya aika da gyara mai kuskure, injuna masu Windows wajen miliyan 8 da rabi suka tsaya cik, bisa ga lissafin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka koma takarda da alƙalami, kuma da yawa daga injunan sai da ma'aikaci ya bi su ɗaya ɗaya da hannu. Kafin wannan, a watan Mayu 2017, wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin jama'a a ƙasashe da yawa, har da asibitocin Ingila, ta bi ta wata kafa da aka riga aka fitar da abin toshe ta, amma mutane ba su sa ba.

Maganin wannan ya riga ya fara bayyana a wurare. Tun 2019 Apple ya ware zuciyar manhajarsa a wani sashe da ba a iya rubutu a kansa, a 2020 ya ƙara masa hatimi. ChromeOS ta Google, wadda ta fito a 2011, tana ajiye kanta kashi biyu: ana gyara ɗaya kana aiki da ɗaya, in sabon ya ƙi tashi sai a koma tsohon. Waɗansu rassan Linux, kamar Fedora Silverblue, haka su ke yi. Ina tsammanin nan gaba kowa zai bi wannan hanya, gama rigakafi ya fi magani. Ni kaina na ɗanɗana. Wata rana da la'asar, ƙarshen wata, ina gab da gama jerin albashi, injin ya shiga sabunta kansa ba da shawarata ba, ana cikin haka aka ɗauke wuta. Da aka kawo, ya ƙi tashi. Kwana biyu muka yi muna sāke lissafi daga takardu, leburori suna zaune a gindin bishiya suna jiran haƙƙinsu, ni kuwa ko ido ban iya haɗawa da su ba. Tun ran nan, in aka tambaye ni abin al'ajabin da na ke so inji ya yi, sai in ce ya riƙe abin da na ba shi.

Abu na huɗu shi ne injin haya. Tun 2021 Microsoft yana da abin da ya kira Windows 365, inda kwamfutar ma'aikaci ba a teburinsa ta ke ba, tana can cikin manyan rumbunan kamfanin, shi dai yana leƙenta ta intanet, ana biya wata wata. Ga manyan ma'aikatu wannan yana da amfani, gama in aka sace akwatin da ke tebur ba a sace fayil ba. Waɗansu suna hasashen kowa zai koma haka. Ni ban gaskata zai yi mana daidai ba tukuna. Inda wuta ke zuwa tana komawa, inda a ke sayen data da awo kamar man gyaɗa, kwamfutar da ba ta motsi sai da intanet rijiya ce mai nisa da gida. Ga shi kuma mai haya ba ya rantsuwa da ɗaki. Ran da ka kasa biya, ko aka ƙara kuɗi da dalar Amurka, sai ka tarar an sa wa teburinka kwado.

Yanzu sai mu zo ga kuɗi, inda tambayar ƙanena ta fi ciwo. Gaskiya ne sabuwar manhaja ta kan bar tsofaffin injuna a baya. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba 2021, ta sa sharaɗin wani ɗan makullin tsaro a cikin inji mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa ta kwanan nan, har galibin injunan da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗin ba. Ran 14 ga Oktoba 2025 aka daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa, sai ƙarin wa'adi zuwa Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Injunan da aka kira Copilot+ a 2024, waɗanda su ne ke iya ɗaukar Recall, an sa musu sharaɗin wata ƙwaƙwalwa ta musamman mai lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa, da ma'ajin aiki na gigabait 16. Apple ma ya faɗa a 2025 cewa macOS 26 ita ce ta ƙarshe ga injunansa masu ƙwaƙwalwar Intel. Mu kuwa da yawanmu na gwanjo mu ke saye, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sauke. Watau abin da aka yar can don ya kasa sharaɗi, shi ne zai cika kasuwarmu da araha. A nan ne mai tsimi zai iya faɗawa rami.

Saboda haka, ƙanena, ga amsar tambayarka ta farko. Kada ka dakata. Mai jiran injin ƙarshe ba zai taɓa saye ba, gama ko yaushe akwai wani a hanya, kuɗin da ke ajiye kuwa ƙimarsu raguwa ta ke yi. Aikin da za ka yi, watau buga wasiƙa da takardar neman aiki da jerin lissafi, injin yau ya ishe shi shekaru. Amma in za ka saya, kada ka dubi ƙyallin akwati. Ka sa mai sayarwa ya kunna a gabanka, ka duba shekarar ƙwaƙwalwarsa, ka tabbata ya cika sharaɗin manhajar da a ke ba gyaran tsaro yanzu, ba wanda aka cusa masa ita ta bayan gida ba. Gani ya kori ji. Ka rage wani abu daga kuɗin ka sayi ɗan akwatin batir mai riƙe wuta, da faifan ajiya na dabam inda za ka riƙa kwafe aikinka ko wace Juma'a. In kuwa tsohon inji ne kaɗai kuɗinka za su kai, to ka nemi wanda ya iya ya sa maka Linux, irin su Ubuntu, wadda aka fara a 2004. Kyauta ce, tana tafiya a kan tsofaffin injuna, tana da manhajar rubutu da ta lissafi, ko da ya ke sai ka yi haƙurin koyo na 'yan makonni.

Tambayarka ta biyu kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. Wani sashe na aikinmu zai tafi. Wanda iyakar gwanintarsa ita ce kwafe abin da aka rubuta masa, inji zai riga shi, kamar yadda kwamfuta ta ture keken rubutu daga ofisoshi. Amma ka tuna abin da ke kawo mutane shagon mai buga takarda. Dattijo ya kan zo da magana a baki, a hargitse, rabi ƙorafi rabi tarihi. Akawu ne ke saurara, ya tace, ya san wa za a rubuta wa, da irin gaisuwar da ta dace da hakimi da wadda ta dace da manajan banki, ya san abin da in aka rubuta zai jawo wa mai takarda fitina. Sa'an nan ya karanta masa, ya ce haka ne, baba? Inji zai taya ka tsara jimla, ka kuwa koyi aiki da shi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma duba abin da ya rubuta, da ɗaukar alhakinsa, da rufe baki a kansa, waɗannan suna wuyanka. Wanda ya riƙe su ba zai rasa abinci ba, in Allah ya so.

Kafin in rufe, ina da roƙo ga maƙeran, ko da ya ke na san jaridarmu ba ta kai teburinsu. Tun shekarun 1930 a ke rubuta Hausa da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna ƙarawa da ƴ. Haruffan suna cikin tsarin Unicode, Windows ma tana da tsarin allon bugu na Hausa. Amma har yau akawu nawa ne suka san inda aka ɓoye shi? Sau nawa mu ke zaɓen kyakkyawan salon haruffa, mu buga, sai ƙ ta fito dabam kamar baƙuwa a cikin layi, ko ta zama ɗan akwati? Sau nawa mai gyaran rubutu ke ja wa sahihiyar Hausa jan layi tun daga sama har ƙasa? Manhajar da za ta bambanta ƙasa da kasa, da ɓata da bata, ta yi aiki ba intanet, ta adana takarda in wuta ta ɗauke, ta nemi izini kafin ta taɓa abin da ba nata ba, ta kuma yi wa tsohon inji haƙuri, ni a wurina ita ce sabuwa, ko da ba ta iya gaisuwa ba.

Wannan ra'ayina ne, ban ce kowa ya bi ba. In akwai wanda ya gwada waɗannan sababbin mataimaka da Hausa, ko malami ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin asibiti, ina roƙo ya rubuto wa Edita abin da ya gani, daɗi ko wuya, don mu ƙaru da juna. Kai kuma ƙanena, ran da ka buɗe shago ka aiko mini da labari. Allah ya sa albarka a cikin guminka, ya ba mu ikon riƙe amana.

Wasalam. Sai mako mai zuwa in muna da rai.

Ni ne naku,
Akawun Tebur Na Uku